Huji Uku a Zanen Gwaggo Tabawa

Ranar da na sauka Mumbai ta ƙasar Indiya abu ɗaya ne ban yarda ya rabu da jikina ba. Akwatina ya bi kayan kowa, jakar hannuna ma an karɓa an zazzage, amma zanen Gwaggo Tabawa yana ɗaure a ƙuguna ƙarƙashin doguwar riga kamar lalita. Hajiya Rabi, 'yar kasuwar Kwari da na biyo, wadda ta saba zuwa sarin leshi da mayafai, ta dinga kallona tana dariya.

"Ke 'yar Daura, zafin garin nan bai ishe ki ba sai kin ƙara da bargo?"

Na ce, "Hajiya, ki ji da leshinki."

Bari in faɗi abin da na ɗauko. Saƙi ne irin na da, baƙi mai ɗigon fari kamar jikin zabuwa, an saƙa shi siri-siri an harhaɗa da allura. Gwaggo Tabawa yayar mahaifina ce. Audugar daga gonar kakana ta fito, a garinmu Babban Mutum. Ita ta gurje ta, ita ta shiɓe, ita ta kaɗa zaren tun tana budurwa. Marinin unguwa ya rina, masaƙin bakin kasuwa ya saƙa. Daga gonar zuwa marinar zuwa masaƙar, mace mai goyo za ta zagaye su kafin rana ta yi zafi. Da aure ya kawo ta Daura ta taho da shi. Da ta tsufa, idonta ya tafi, sai ta ninke shi ta sa a ƙasan adaka, ta gaya wa kowa a gidan cewa shi za a lulluɓa wa makararta ranar da za a fita da ita.

Ni kuwa atamfa nake sayarwa, a gida da kasuwar Mai'adua. Matan birni suka tashi da son kayan da, kowace ta zo sai ta ce, "Hajiya Dije, ba ki da saƙi na gaske?" Masaƙan sun mutu, jikokinsu suna haya da babur. Na je Kano, na je Kaduna, na tarar da manyan masaƙu a kulle, ciyawa ta cinye bakin ƙofa. Aka ce mini Indiya. Sai na je na durƙusa gaban Gwaggo na roƙi aron zanen, in kai a gani a yi mini irinsa. Kwana uku ina roƙo. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka Uwata take ce mini. Ran na uku ta lalubo shi da kanta ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, "Uwata, su gani da ido. Ki dawo mini da shi yadda kika ɗauke shi."

Na ce, "In sha Allahu ko zare ɗaya ba zai fita ba." Ba wanda ya matsa mini, ni na faɗi haka da bakina.

Wanda Hajiya Rabi ta haɗa ni da shi wani Ba'indiye ne da ya yi shekaru yana dillancin yadi a Kano. Sunansa na ainihi ya fi ƙarfin harshena, 'yan Kwari kuwa Ɗanlami suke ce masa. Ya tarbe mu da, "Hajiya, ina gajiya? Yaya mutan Daura? An zo lafiya?" Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. Jin Hausa a ƙasar da ban san kowa ba shi ya fara sassauta ni. Hajiya Rabi ta wuce garin Surat wajen leshinta, muka yi da ita mu haɗu a Mumbai ranar komawa.

Ɗanlami ya ce, "Kamfaninmu yana nan kusa, gobe an gama magana." Ni a kaina wani ƙaton gida nake gani, auduga ta shiga ta wannan ƙofa, zane ya fito ta waccan.

Garin farko Bhiwandi, kamar awa biyu a mota. Kafin ka ga garin za ka ji shi. Ƙasa ce take rawa. Kowane lungu rumfar kwano ce, kowace rumfa cike da injunan saƙa suna bugawa kamar mata dubu suna daka a turmi ɗaya ba hutu. Ma'aikatan daga su sai singileti, gashin girarsu fari fat da ƙurar auduga, ba sa magana da baki sai da hannu, don ba mai jin wani. Da yawansu Musulmi ne, na ga huluna, na ga masallatai. Amma duk inda na leƙa, farin yadi ne yake fitowa. Fari, fari, fari.

Na ja Ɗanlami waje na ce, "Ina marinarsu?"

"Babu."

"Ina masu kaɗi?"

"Babu, Hajiya. Zaren daga can kudu yake zuwa, tafiyar kwana biyu a babbar mota. Garin nan saƙa kawai ya iya. In an saƙa, a loda a kai wani gari a wanke, a kai wani a rina."

Na ce, "Gari guda, da sarari da mutane kamar tururuwa, a rasa mai rini ko ɗaya? Kai, ka ji tsoron Allah."

Ya yi dariya ya ce haka aka raba abin. Kamfanin da ya ce nasu ne kuwa, a benci muka zauna a ƙofarsa muna jira a ba mu izini, ni da shi duka.

Mai masaƙar wani mai tumbi ne da tabarau a goshi. Na juya baya na kwance zanen, na shimfiɗa a kan teburinsa. Ya shafa, ya shinshina, ya ƙwala wa mutanensa kira su zo su gani. Ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma. Na ce a raina, ku kalli aikin 'yar Babban Mutum. Sai aka miƙo mini shayi a wani ɗan kofi kamar na wasan yara. Na juya in karɓa. Juyawar nan kawai na yi.

Na ji ƙurrr. Da na waiwayo, mutumin ya kifa wani ƙarfe mai kama da murfin kwano a tsakiyar zanen, ya murza, ya ɗaga. Ga huji nan zagayayye, faɗin tafin hannuna, katakon tebur yana kallona ta ciki.

Kofin ya faɗi. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ban san sanda na tsallake tebur na shaƙo wuyan rigarsa ba. Ina jijjiga shi ina cewa, "Uban wa ya aike ka? Uban wa?" shi kuwa yana ta zaro ido yana yarensu, ga alama bai ma san laifinsa ba. Ɗanlami ya shiga tsakani.

"Hajiya, sake shi! Haka ake yi. Sai an auna nauyinsa a san irin zaren."

"Haka ake yi a gidan uban wa? Ka ji na ce a yanka?"

"Ai ɗan kaɗan ne."

"Kai ma in cire maka ido ɗaya mana, ai ɗan kaɗan ne."

Na ce su ba ni abin da suka cire. Kafin in rufe baki wani ya ɗora shi a kan ɗan ma'auni, ya sa allura ya tsefe shi zare-zare a ƙarƙashin gilashi. Abin da suka miƙo mini kamar gashin da aka share bayan kitso. Bayan duk wannan, amsar da suka ba ni ita ce ba za su iya ba. Wai zaren hannu ne, nan kauri nan siriri, injinsu ba ya son irinsa. Kuma saƙi da rinannen zare ake yin sa, su kuwa fari suka sani. Sai dai in je Ahmedabad.

A nan ya kamata in koma Mumbai in zauna in jira jirgi. Na san haka a lokacin, ba sai yanzu ba. Amma na ce wa kaina tunda an riga an huda, kada hujin ya tashi a banza.

Muka kama jirgin ƙasa da safe, muka wuni a ciki. Ta taga na ga gonakin auduga sun yi fari, mata sun sunkuya suna tsinka da zane ɗaure a baya, kamar dai a gida. Na kawar da kai don kada Ɗanlami ya ga idona. Abinci kuma ya zame mini wata jarrabawa. Ba nama, wannan na haƙura. Amma mutanen yankin nan sukari suke sa wa miya. Miya da sukari! Loma ɗaya na yi na ture. Kwanaki na yi a kan ayaba da biskit.

Abin da na fara gani a Ahmedabad ya ba ni mamaki: dogayen bututun hayaƙi ba hayaƙi, gine-gine sun zube, bishiya ta fito ta taga. Na ce, "Wannan ai Kaduna ce." Ɗanlami ya ce su ma manyan masaƙunsu na da sun mutu, sai dai su aikin bai mutu ba, warwatsewa ya yi, kowane gari ya ɗauki gaɓa ɗaya ya riƙe.

Wurin da ya kai ni a bayan gari, zaren wandon jins suke rinawa. Zaren yana tafe kamar igiyoyin guga, ya nutse a kwatami ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, ya sake nutsewa. Wannan na gane shi, haka yake a marina. Amma babu warin baba, babu toka, babu marini mai baƙin hannu. Wani garin launi ne ake zubowa daga duro.

Suka ce za su sa zanen a ƙarƙashin wata fitila mai karanta launi, a wani ɗaki na gilashi da ba a shiga sai da farar riga. Na ce ba inda zai je. Ɗanlami ya dafa ƙirji.

"Wallahi tallahi, Hajiya, haske kawai za a haska. Ga gilashi nan, kina kallo."

Sai daga baya na tuna cewa rantsuwar nan a Kwari ya tsince ta, tare da "albarka" da "sai an jima", nauyinsu ɗaya a bakinsa.

Aka kawo takarda in sa hannu. To, a nan sai na faɗi wani abu game da kaina. Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Makarantar yaƙi da jahilci ta matan aure na yi, bayan la'asar, ina zaune a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Na iya karatu, har Turanci ina taɓawa, amma sai na sa yatsa ina bi harafi-harafi, bakina yana motsi. Rabin rayuwata dangwale nake yi da babban yatsa. Tun da na koyi sa hannu, duk inda aka miƙo mini biro sai in ji wani daɗi. Ranar nan mutum huɗu suna tsaye a kaina, masu farar riga. Na ji kunyar su ga ina bin layi da yatsa. Na karɓi biro na zana sunana, har da ɗan jan layi a ƙasa.

Na tsaya a jikin gilashin ina kallo. Wata mai farar riga ta shimfiɗa zanen, ta kunna fitila, ta ba ni baya na ɗan lokaci, ta ninke shi tsaf ta fito da shi tana murmushi. Ban buɗe ba sai da na koma masauki zan yi la'asar. Huji na biyu mai kusurwa huɗu ne, an yanke shi da kyau kamar tela ne ya yi.

Na zauna daɓas a ƙasa. Na ɗauko kwafin takardar, na sa yatsa, na bi ta tun daga sama. A layi na uku ga shi nan ƙarara: na yarda a yanki samfur a ƙona a dafa a magani. Ga sunana a ƙasa, da jan layinsa.

Na same shi a bakin masauki yana shan shayi. Na ce, "Ɗanlami, kai ɗan halak ne kuwa?"

Bai ko ajiye kofin ba. Ya ce, "Hajiya, ni na rantse, amma ke kika sa hannu."

Na ɗaga hannu zan mare shi, sai na ga ban san wanda ya fi cancantar marin ba tsakanin ni da shi. Na sauke.

Su ma amsarsu ba ta da amfani. Sun ce baban gaske ne, na ganye, an tsoma shi sau da yawa. Za su iya kwaikwayon launin, amma ba sa kunna inji sai zaren da zai cika tirela. In an rina kuma sai an kai shi wani gari can kudu inda ake saƙa mai launi. Wato in bi zare daga wannan bakin ƙasa zuwa wancan, ni kaɗai, da ayaba a jaka.

Ɗanlami ya ce, "Akwai hanya mai sauƙi. Jetpur. Can ba ruwansu da zare."

Ban gane abin da yake nufi ba, na bi shi. Rabin yini a bas. A hanya muka wuce wuraren gurzar auduga, an tara ta a fili tsibi-tsibi, kowane tsibi ya fi soron bene, maza suna tafiya a kai kamar ƙudaje a kan tuwo. Ita ma nan gurza kawai ake yi, a ɗaure a tura gaba.

Jetpur kuwa gari ne da aka shanya. Kan rufi yadi, jikin katanga yadi, tsakanin bishiya da bishiya yadi. Ruwan lambatu yau ja, gobe shuɗi, har karnukan garin ƙafafunsu masu launi ne. A cikin rumfuna an jera tebura dogaye, in ka tsaya a wannan kai da ƙyar za ka gane fuskar wanda ke wancan. A shimfiɗa farin yadi, irin wanda na baro a Bhiwandi, mutum biyu su ɗora wani firam mai raga kamar rariya, su zuba launi, su ja da katako, su ɗaga, su matsa gaba. Fure ya fito.

Ina cikin kallo na yi turus. Atamfata ce a kan tebur. Irin wadda matan unguwarmu suka yi anko da ita, wadda na sayar da hannuna ina rantsuwa cewa daga Turai take. Na kama bakin yadin, na sa yatsa na karanta, wannan karon ko a jikina wa ke kallo. Sunan wata ƙasar Turai ne a rubuce, launin ma bai gama bushewa ba, ya shafe mini yatsa.

Na ce, "Ɗanlami, wannan fa?"

Ya ce, "Ku kuke so a rubuta, Hajiya. In ba a rubuta ba ba kwa saya."

Mai wurin ya duba zanen Gwaggo ya ce aikin mako ɗaya ne. Za su ɗauki hotonsa su yi raga. Amma mai haɗa launi yana bukatar abin da zai ajiye kusa da tukunyarsa yana gwadawa. Ko in bar zanen duka, ko a ba shi ɗan ƙyalle. Ba su yi mini wayo ba, ba su ɓoye komai ba. Ɗanlami ya ɗauko almakashi ya ajiye a kan tebur, ya ja da baya ya harɗe hannu.

"Ba mai taɓawa. Ko ki yanka da kanki, ko mu koma Mumbai yau. Ke kika sani."

Na daɗe a tsaye. Na tuna matan da na ce wa su saurare ni. Na tuna dariyar da za a yi mini a Mai'adua, an je Indiya an dawo da gajiya. Na ce ai biyu da uku duk ɗaya ne. Na ɗauki almakashin, na nemi wuri kusa da gefe, na yanki faɗin yatsa huɗu. Hannuna ko rawa bai yi ba, kuma wannan shi ne abin da har yau yake ba ni tsoro.

Bayan mako suka kira ni. Daga ƙofa na hango abin da suka buga a rataye, saƙi ne sak. Na matsa na kama. Shara-shara kamar hankici, yana warin kananzir. Na juya bayansa: fari fat.

Na ce, "Wannan ba zane ba ne. Hoton zane ne."

Ɗanlami ya ce, "Hajiya, wa zai juya?"

"Ni na juya."

Na ce ba na so, ko kyauta. Ya ɗaga kafaɗa. Washegari wayarsa a kashe, na je rumfar aka nuna mini da hannu cewa ya tafi. Ragar kuwa tana wurinsu. Ba a rufe shekara ba na ga hoton zanen Gwaggo a kasuwar Mai'adua, ya shigo ta iyakar Kongolam, a hannun wani da ke rantsuwa saƙar Agadas ce.

Ɗakin da aka kama mini a Jetpur na wata tsohuwa ce Musulma, mijinta ya rasu, gidanta yana bayan masallaci. Amina sunanta, ni kuma na riƙa ce mata Iya. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, sallama da Fatiha kawai muka haɗa. Ranar da Ɗanlami ya gudu na wuni a kwance ban fito ba. Da azahar ta turo ƙofa da faranti: wata gurasa mai launin toka, da kofin nono tsararo. Na gutsura don kada ta ji ba daɗi. Na tsaya da tauna. Gero ne. Wallahi gero, irin namu, har ɗan ɗacin nan na ƙarshe. Ashe su ma shi suke ci. Kukan da ban yi ba a Bhiwandi, ban yi ba a Ahmedabad, a kan gurasar nan na yi shi. Washegari na karɓi garin geron na yi mata fura na dama da nonon. Ta sha, ta yamutsa fuska, ta ƙara sha, ta kira maƙwabciyarta.

Ita ta ga zanen a kan gado. Ta ɗaga shi, ta zura hannu ta huji ɗaya, ta kalle ni. Na nuna mata da hannu: tsohuwa, ba ido, kwance, mutum huɗu sun ɗauka. Ta gane. Ta dafa kanta. Ta fita ta dawo da wani gwangwani cike da allurai da ƙullin zare kala-kala. Ashe sana'arta ke nan tun tana yarinya, gyaran mayafai masu tsada da suka yage.

Kwana biyar tana zaune a bakin ƙofa inda haske yake. Ba faci ta yi ba. Saƙa ta yi da allura, ta ja zaren tsaye, ta bi da na kwance, baƙi baƙi fari, baƙi baƙi fari, har ɗigon zabuwar ya haɗe. Da ta gama na nemi wuraren da ido na rasa, sai da na ɗaga shi ga rana. Na ciro abin da zan ba ta, ta buge mini hannu kamar ta kama yaro da sata. Ita ta raka ni tasha, ta yi wa direba dogon bayani tana nuna ni, ta cusa mini gurasar gero a jaka.

A Mumbai Hajiya Rabi ta shimfiɗa zanen a kan gado ta duba gaba da baya.

Ta ce, "Ke Dije, Allah ya rufa miki asiri, kada ki tona da kanki. Tsohuwa ba ta gani. Ki miƙa mata ki yi shiru."

Na ce to. Har cikin raina na ce to.

Da hantsi na shiga gidan. Gwaggo tana kan tabarma a inuwar ɗakinta, ta miƙe ƙafa. Ta ji takuna ta ce, "Uwata ce?" Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi ko mutanen can suna salla. Ba ta tambayi zanen ba. Ni na kwance shi na ɗora mata a cinya.

Ta fara shinshinawa. Ta warware shi a kan ƙafafunta, ta ɗora tafukanta biyu tana shafawa a hankali daga gefe. Ta zo tsakiya ta tsaya. Ta murza wurin tsakanin yatsa biyu. Ta wuce. Ta sake tsayawa. Ta wuce, ta gangara ƙasa, ta tsaya na uku. Kaji suna ta tsattsaga a tsakar gida.

Ta ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

"Wata tsohuwa ce, Gwaggo. Musulma."

"Tana da hannu. Allah ya yi mata albarka. Amma zaren inji ne, sumul yake, ba shi da gaɓa." Ta ɗago kai. "Su suka yanka?"

Na ce, "Na farko an yanka ban sani ba. Na biyu na sa hannu a takarda ban karanta ba. Na uku ni na yanka."

"Ke?"

"Ni. Da almakashi."

"Kika samo abin da kika je nema?"

"Ban samo ba."

Ta gyaɗa kai. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar tana ganina.

"Da hannuna bai ji ba, za ki faɗa mini?"

Ƙarya tana nan a bakina, a shirye. Na haɗiye ta. Na ce, "A'a, Gwaggo. Na yi niyyar yin shiru."

Ta sake shafa zanen. Can ta ce, "Shiga ɗaki, akwai reza a kan taga. Ki warware."

"Gwaggo, kwana biyar matar nan ta yi a kai."

"Ai na sa mata albarka. Ita don Allah ta yi. Ke kuwa don ki rufe ni kika kawo. Ba zan fita gidan nan a lulluɓe da ƙarya ba. Warware."

Na zauna a gefen tabarmarta na warware. Aikin kwana biyar, kafin azahar na gama da shi. Ta sake shafawa, ta zura yatsu ta kowane huji, ta ninke da kanta ta ce in mayar adaka. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma canza mini fuska ba. Na so a ce ta zage ni.

Da damina ta rasu, ranar wata Alhamis da safe. Mu muka yi mata wanka. Da aka ɗora ta a makara na ɗauko zanen na lulluɓa da hannuna. Maza suka shigo suka ɗaga, suka nufi zaure, farin likkafani yana leƙowa ta wuri uku. Tsakar gidan cike da mata, kowa ya gani. Wata maƙwabciya da ke bayana ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya.

"Ayya, Hajiya Dije, ɓera ne ya samu zanen?"

Ban yi ƙasa da tawa ba. Na ce, "Ba ɓera ba ne. Ni ce."